Firji Masu Alamar Wuta

Zuwa ga Kawuna,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa daga 'yarka. Ina fata kana lafiya, kai da matarka Inna, da fatan gwiwar nan ta ɗan sassauta maka. Ni lafiyata ƙalau, sai kewar gida. Na so in kira ka a waya, sai na tuna yadda muka ƙare wancan karon, ina ta ihu kana ta "na'am?" har 'yan ɗakinmu suka zaci faɗa nake da wani. Don haka ga takarda, tunda idonka bai bi kunnenka ba. Direban da ke wucewa ta ƙofar shago zai riƙa miƙa maka.

Makarantar nan, Kawu, da ka gan ta za ka ce shagonka ne aka ja shi ya yi tsawo. Dogon zaure ne mai rufin kwano, ga tebura na ƙarfe a jere, kusa da kowane tebur firji ya juya mana baya an cire masa murfi. Can ƙurya kuma injinan wanki ne da fankoki da dutsen guga waɗanda masu su suka gaji da su. Har warin iri ɗaya ne, man kwamfaresar firji da ƙonanniyar waya. Mu biyu ne mata a ajin. Da farko samarin suna ta yi min bayanin yadda ake riƙe sukudireba, yanzu kuwa su ke aron nawa ba sa mayarwa.

Malaminmu muna ce masa Malam Auna, don ba ya yarda da "ina jin". Kana cewa ina jin gas ne ya ƙare, sai ya miƙo maka agogon awo ya ce ka bar jinka a gida.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Yau ya jawo wani firji cikin sababbin nan, ya nuna mana wata 'yar takarda ruwan ɗorawa a manne jikin kwamfaresa, da zanen harshen wuta a kai. Ya ce gas ɗin da ke cikin irin waɗannan ba irin na da ba ne, kama wuta yake yi kamar na girki. Sannan ya naɗe hannun riga ya nuna mana damtsensa. Kawu, fatar duk ta tattare saboda ƙuna. Ni kuwa kai kaɗai nake gani, ka tsuguna a bayan firji cikin shagon nan namu da ba shi da taga, ka kunna wutar walda ka kai bakin bututu kana hira da mutane.

Don girman Allah, duk firjin da ka ga alamar nan a jikinsa kada ka kai masa wuta. Ka ajiye shi sai na zo hutun ƙarshen zango. Ba a koya mana aikinsu ba tukuna, amma kafin lokacin an koya. Ka yi min alkawari a rubuce, don na san ka, in da baki ne za ka ce ba ka ji ba.

'Yarka.

*

Uwata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Na karanta, Innarki ta ƙwace ta karanta, ta kuma zaga da ita maƙwabta. Lafiya muke. Gwiwa tana nan tana ciwonta, ba ta fashin ko rana ɗaya.

Wato an kai lokacin da ke za ki hana ni wasa da wuta. To da ma sunan mahaifiyata kika ci, ita ma haka ta sha fama da ni. Na sa tabarau na bi firjin shago ɗaya bayan ɗaya, sai ga alamar taki a jikin kusan rabinsu. Ni da na ɗauka ado ne na kamfani. Ashe gas ɗin nan ne ya ƙone min gira bara, na je na zazzage wa mai sayar da gas kwandon masifa bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ga alkawarin a rubuce: ba zan kai musu wuta ba sai kin zo. Na jera su a jikin bangon hagu, kowanne na rubuta sunan mai shi da alli. Ina nan ina fama da tsofaffin, da fanka da dutsen guga. Duk wanda ya kawo mai alamar wuta sai in karɓa in ce ya yi haƙuri, injiniya na hanya. Har Mai Ƙanƙara ta kawo babban firizanta. Kin san ta, wadda ke sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi a bakin tasha, wadda take ba ki kyauta kina ƙarama. Ta ce in dai ke ce za ta jira, kafin nan ta lallaɓa da ƙaramin.

Innarki ta ce me zai hana in tura su sabon shagon da wasu samari suka buɗe a tsallaken titi. Na ce mata ta tsaya a girkinta. Tun da na buɗe ƙofar nan ban taɓa ce wa mutum kai wani wuri ba. Wanda ya tsallaka titi sau ɗaya da firji a baro, ba ya dawowa. Kin san 'ya'yana duk sun zaɓi aikin ofis, ke kaɗai kika tsaya kina miƙo min filaya tun kanki bai kai tebur ba. Shagon nan naki ne. Bango da ƙofa ko'ina za ki samu, mutanen da ke kawo aiki su nake tattala miki har ki dawo.

Ki gaishe min da Malam Auna. Ki ce masa akwai wani tsoho da ya yi shekaru yana aiki da "ina jin", yanzu jin ma ya gudu ya bar shi.

Kawunki.

*

Kawuna,

Sallama da gaisuwa. Ina fata zafin da ya fara shigowa bai takura muku ba. Ni dai lafiya, ban da ɗan yatsa da na ƙona wajen koyon haɗa bututun tagulla. Malam Auna ya duba haɗin ya ce ya yi kyau, ya duba yatsan ya ce shi ma ya gasu daidai.

Albishirinka, an koya mana aikin masu alamar wuta. Kawu, ashe ba wani abin a zo a gani ba ne! Tsari ne kawai, wannan kafin wancan, da wasu 'yan kayan aiki. Na yi shi a gaban aji, firjin ya ɗauki sanyi. Amma ba zan rubuto maka ba. Malam ya ce aikin hannu ba a aika shi a ambulan, ni kuma ina da nawa dalilin. Shekara da shekaru ina zaune kan bokiti ina kallon hannunka. So nake wannan karon kai ka zauna a kan bokitin, ni in tsuguna, ka ga abin da ka shuka.

Sai dai akwai wata magana, kuma ina jin nauyin faɗa. Makaranta kan zaɓi ɗalibai kaɗan ta tura su koyon aiki lokacin hutu, an kuwa sa da ni. Wani kamfanin kifi ne a wani gari, suna da ɗakin sanyi wanda mota ke shiga ciki. Malam ya ce wanda ya yi aiki a irin wurin ba injin da zai ƙara ba shi tsoro. In na je, hutun nan ba zan zo gida ba, sai an ɗan ƙara lokaci. In ka ce in bari, zan bari in taho. Amma Kawu, ina so.

Masu firji su ƙara haƙuri kaɗan, ai ba su da yawa.

'Yarka.

*

Uwata,

Lafiya lau muke, zafi dai sai godiya. Ki je. Wa zai hana uwarsa shiga ɗakin da mota ke shiga? Allah ya sa albarka, ya tsare ki da sanyin. Ki nemi rigar kirki, ƙirjinki ba ya son raɓa tun kina yarinya.

Shago yana nan. Bangon hagu ya cika na koma na dama, yanzu a karkace nake shiga kamar kaguwa. Kin san da zafi ya kama sai firji su yi ta mutuwa, kuma abin haushi duk sababbin ne ke mutuwa, tsofaffin suna nan suna gurnaninsu. Mai Ƙanƙara ta zo shekaranjiya ta gaishe ni da ƙarfi, har na ji ta sarai ba tare da ta maimaita ba.

In aikin nan ba shi da wuya kamar yadda kika ce, ki ɗan rubuto min shi mana, ko a bayan kwalin sabulu ne. Tsoho ma yana ɗaukar karatu in an bi shi a hankali.

Kawunki.

*

Kawuna,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka gafarce ni da jinkiri, takardarka sai da ta je makaranta ta kwanta kafin wani ya biyo ni da ita nan.

Na yi dariya har da hawaye, wai a bayan kwalin sabulu. Kai da ka koya min bambancin waya mai wuta da marar wuta, ni ce zan aiko maka da darasi? Ka dai ci gaba da tsokanata, ina nan zuwa in rama.

Nan aiki ba kama hannun yaro. Waje rana kamar ta dafa mutum, mu kuma muna ciki da riguna masu kauri da safar hannu, gashin ido yana yin fari. Kwamfaresa ɗaya a nan ya kai girman teburin shagonmu, ga su a jere suna ruri, in ka dafa bango sai ka ji shi har haƙoranka. Shugaban masu gyara mutum ne marar fara'a, amma jiya ya miƙo min makullin ɗakin injin ya tafi cin abinci. Ya kuma roƙi makaranta a bar ni har ƙarshen zafi, don yanzu ne injinan suka fi wahala, makaranta ta yarda. Na san za ka yi murna.

Ka ce wa Mai Ƙanƙara nata zan fara taɓawa. Ka gaishe da Inna.

'Yarka.

*

Ke 'yar nan,

Innarki ce. Kawunki bai san na rubuto ba, in ya sani ma ba abin da zai iya. Lafiyar jiki muna da ita. Ina fata ke ma haka, tunda mun daɗe ba mu ga ko layi ɗaya daga wajenki ba.

Ni ba na iya zagaye-zagaye irin nasa. Shago ya mutu, ko kuma yana kan hanya. Mutumin nan ya tara firjin jama'a tun farkon zafi, bai gyara ba, bai ce su ɗauka ba. Kullum injiniya na hanya, injiniya na hanya, har yaran unguwa suka mayar da ita waƙa. Mai Ƙanƙara ta jira har ƙaramin firizan nata ma ya tsaya, zafin nan kaf ba ta sayar da abin kirki ba, wata ta zo ta kafa tebur a wurinta a bakin tasha. Ranar da ta zo da masu baro ɗaukar kayanta ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Cewa ta yi, "Baba, da ka gaya min ba ka iyawa." A gaban mutane. Kawunki da ba ya jin kiran abinci, wannan ya ji ta.

Daga ita sai kowa ya biyo. Yana zaune a bakin ƙofa ana fito da firji ɗaya bayan ɗaya ana tsallaka titi da su, yana taya su riƙe igiya. Yanzu ko fanka ba a kawo masa, an ce hannun tsoho ya mutu. Na ce masa ya je wajen samarin can ya tambaye su yadda ake yi, ya ce shi da 'yarsa take makarantar abin ba zai je roƙon ilimi a titi ba. Na ce to ya gwada da dabararsa, ya ce ya yi alkawari a rubuce. Kin ji taurin kai.

Ya roƙe ki ki rubuto masa, kika ce wasa yake. 'Yar nan, a hannunsa kika girma, yaushe kika taɓa jin ya roƙi abu ba cikin wasa ba? Ranar da amsarki ta zo ya karanta ya yi dariya, ya ninke ta ya sa a aljihu, abincin da na kai masa haka na ɗauko shi.

Ban ce kin yi da gangan ba. Na san tsoron kada ya ƙone ne ya sa ki, ni ma kuma ba na so ya ƙone. Amma raina ya ɓaci, da ke da shi duka. Mai ginin da muke hayar shago ya ce in ba aiki ake yi a ciki ba akwai tela da ke so, Kawunki kuma ya ce zai yi tunani. Abin da ke nan ke nan.

Innarki.

*

Kawu,

Ina gaisuwa, amma ban san da wane ido zan gaishe ka ba. Inna ta rubuto min, kada ka yi mata faɗa.

Ga shi nan na haɗo da wannan takarda, duk na rubuta, da zane. A fitar da firjin waje inda iska ke kaɗawa. A saki gas ɗin ta dogon tiyo nesa da wuta, a zuƙe abin da ya rage da injin zuƙe iska, a yanke bututu da abin yanka maimakon a narkar da shi. Sabon gas kuma a kan sikeli ake auna shi, don ɗan kaɗan yake ci. Sauran yana cikin zanen. Ka gani, Kawu, bai cika shafi biyu ba. Ina rubutawa ina kuka, don tun kafin zafi ya kama na san wannan.

Na koma na karanta takardarka ta kwalin sabulu. A fili ka faɗa, ni ce ban ji ba. Ina can ina tsara yadda za ka zauna a bokiti kana kallona, ban tambaye ka ko firji nawa ne a shagon ba.

Kada ka ba da makulli. Na gaya wa shugabanmu zan tafi, ya ce in bari a samu wanda zai karɓe ni, kuma wai suna so su ɗauke ni aiki in na gama makaranta. Ban ba shi amsa ba. Zan bi gida-gida in ba mutane haƙuri, in fara da Mai Ƙanƙara. Ka jira ni, wannan karon da gaske nake.

'Yarka.

*

Uwata,

Wa alaikumus salam, ko da ba ki yi sallamar ba. Lafiya muke. Innarki na yi mata faɗan, ta ce ba ta ji ba, wai ta koya a wajena.

Takardarki ta same ni a gida. Makulli na riga na bayar tun kafin ta iso. Telan ya shiga, ya yi fenti, har ya fasa taga a bangon hagu. Na wuce na gani, wurin ya yi haske ƙwarai.

Ki daina kukan nan. Gaskiya kika gaya min tun farko, da ban ji ba wataƙila da yanzu ba ni da hannun rubuta wannan. Ni ne na riƙe kayan mutane don kada su saba da wata ƙofa, sai ga shi da hannuna na raka su. Kada ki je wajen Mai Ƙanƙara, na je da kaina. Ta ba ni wurin zama, ta ba ni ruwa, amma har na tashi ba ta dube ni ba. Wannan ya fi shagon ci min rai. Abin da na so in miƙa miki babu shi, Uwata, kuma ba zan ɓoye miki ba, yana damuna.

Don haka kada ki taho saboda ni. Ki gama makarantarki, ki karɓi aikin kamfanin. In kin zo, ki zo ganin gida.

Akwai firji ɗaya da mai shi ya bar gari bai waiwaye shi ba, da na tashi daga shago sai na taho da shi gida. Jiya da safe na tsallaka titi na ari injin zuƙe iska da sikeli a wajen samarin nan. Yaran kirki ne, har ɗaya ya ɗauko min. Na fitar da firjin tsakar gida, na kafa takardarki a jikin bango da ƙusa, na sa tabarau na bi ta layi-layi. Zanenki a fili yake, ko sau ɗaya ban tsaya ina tunanin me kike nufi ba. Malam Auna ya iya koyarwa, ke ma kin iya.

Tun kafin azahar ya ɗauki sanyi. Na sa hannu a ciki na daɗe ban cire ba. Na duba ban ga wanda zan aika wa ya zo ya ɗauki kayansa ba, shi ne na ce bari in gaya miki.

Kawunki.